Butar Baffa da Na Wanke

Shekarun baya da dama, ina amarya wata huɗu kacal a gidan miji, na yi wata tsafta da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ban taɓa ba ku labarin ba, don ba labari ne da ke nuna ni a mai wayo ba. Amma jiya wata a cikinku ta ga 'yar jar butar shayin nan a hoton da na sa, ta lura cikinta ya yi baƙi, har ta ba ni shawarar abin da zan goge ta da shi. Allah ya saka miki da alheri, 'yar uwa. Gyara zama ki ji.

Ni haifaffiyar cikin garin Haɗeja ce. Mahaifiyata abinci take sayarwa, kuma abu ɗaya aka san ta da shi a unguwa: tukunyarta ba ta kwana da baƙi. Tun ina 'yar mitsitsiya na iya toka da yashi da soson ƙarfe, sai na ga fuskata a gindin tukunya nake ajiye ta. Da aure ya zo, aka kai ni wani ƙauye a fadamar Auyo, gidan Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya suka kama noman shinkafa, ko da yake suna da 'yan shanunsu. Na tafi da kayan ɗakina, na kuma tafi da girman kai irin na 'yar birni. Tun a mota na riga na yanke cewa sai na koya wa mutanen gidan nan tsafta. Ba wanda ya roƙe ni.

Surukina, wanda kowa ke ce wa Baffa, dogon tsoho ne siriri, maganarsa a yini ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Gidan kuma gidan kunya ne na gaske. A wata huɗun nan abin da ya shiga tsakanina da shi bai wuce gaisuwar safe ba, ita ma daga nesa, a durƙushe, fuska a lulluɓe, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. In zai aike ni, ko ina tsaye a wurin, surukata Inna zai faɗa wa: “A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa.” A wannan gida, matar ɗa da ta buɗe baki ta yi wa surukinta magana kai tsaye ta gama zubar da kanta. Za a ce ba ta da kunya, kuma sunan zai bi ta har 'ya'yanta.

Damina ta yi nisa a lokacin. Kogi ya cika ya tumbatsa, hanyar mota ta yanke, ba shiga ba fita sai a kwalekwale. Ranar Talata aka kira mijina a waya, ya shigo gida da sauri ya ce baƙon Baffa ya sauka a Kano, jibi Alhamis zai iso. Baƙon wani Basine ne, mutumin ƙasar Sin, wanda 'yan ƙauye ke ce wa ɗan Caina. Tun kafin a kawo ni ya yi damina uku a yankin yana nuna wa manoma yadda ake dashen shinkafa a layi, suka shaƙu da Baffa, sannan ya koma ƙasarsu shekara bakwai ba a sake ganinsa ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ranar na ga haƙoran Baffa a karon farko, na kuma ji Inna tana cewa, “To, buta za ta fito.”

Laraba da sassafe Baffa da mijina suka tafi gona duba jingar da ke tare ruwa. Inna ta miƙo mini tsintsiya ta ce, “Amarya, ki share turakar Baffanku, ki kakkaɓe tabarmi. Shara kawai.”

Na ji “shara kawai” ɗin nan sarai da kunnena. Na dai ɗauka magana ce irin ta tsofaffi.

Ina cikin shara na hango ƙaramin akwatin katako a kan kanta, kusa da littattafansa. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na buɗe. A ciki an naɗe wani abu da tsohon rawani. Na warware, sai ga 'yar buta ta jan yumɓu, ba ta fi dunƙulen hannuna ba, bayanta sumul yana ɗan sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Ta ba ni sha'awa ƙwarai. Sai na ɗaga murfin.

Baƙi ƙirin. Ba baƙin kwana biyu ba, baƙi ne da ya hau kan baƙi har ya yi kauri, kamar cikin tukunyar da aka shekara ana dafa magani. Na ce innalillahi, wato a cikin wannan za a ba mutumin da ya keto duniya shayi? Ya koma ƙasarsu ya ce Hausawa ƙazamai ne? Ina cikin gidan nan? Wallahi a lokacin tausayin Inna ma na ji, na ce tsufa ya sa ba ta ganin datti.

Na ɓoye butar a mayafina na zagaya bayan madafa. Na jiƙa ta da garin sabulu mai ƙamshin furanni, cikin wanda na zo da shi daga gida. Baƙin ya ƙi motsi. Na sa toka, na sa yashi, na matse lemon tsami. Da na ga yana yi mini taurin kai, na yanko soson ƙarfe na naɗa a yatsa na shiga kankara. Bakin butar kuwa tsinken tsintsiya na sa na sosa shi ciki da waje. Tun hantsi nake abu ɗaya har rana ta take tsaka, yatsuna suka yi jini, amma na ci nasara. Cikin buta ya fito ja wur kamar yau aka gasa ta. Na shanya ta ta bushe, na naɗe na mayar wurinta, na fito ina tafiya da ƙyar don jin kai. Ban faɗa wa Inna ba, so nake a buɗe a gani a tambayi wace mai hankali ce ta yi wannan.

Da azahar mijina ya dawo cin abinci, Baffa ya tsaya a gona. Na kasa haƙuri. Ina zuba masa miya na ce, “Albishirinka, na fitar da ku kunya. Na wanke butar Baffa.”

Lomar da ya ɗauko ta tsaya a hanya.

“Wace buta?”

“Ta cikin akwati mana. 'Yar jar nan.”

“Da me kika wanke ta?”

Na fara lissafa masa, sabulu, toka, lemo. Ina kaiwa kan soson ƙarfe ya mayar da lomar cikin kwano, ya dafe kai da hannu biyu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ruwa ya ci masa gona.

Sannan ya ba ni labarin da ya kamata a ba ni tun ranar da na zo. A daminarsa ta ƙarshe Basinen nan ya kamu da zazzaɓi mai tsanani, irin wannan lokaci, hanya a yanke. Baffa ne ya sa shi a kwalekwale ya tuƙa da kansa, ya kai shi asibiti a Haɗeja, ya kwana shida a gindin gadonsa. Da ya warke zai koma gida, sai ya fito da butar. Ta mahaifinsa ce da ya rasu, shekara arba'in tsohon yana shan shayi iri ɗaya a cikinta kullum, sabulu bai taɓa taɓa ta ba. Baƙin nan da na kankare shi ne shekara arba'in ɗin. Ya danƙa wa Baffa da hannu biyu ya ce da 'yar Hausarsa, “Na bar babana a wurinka. Dole in dawo.”

“Ganyen da ya bar masa ya ƙare tun tuni,” in ji mijina. “Baffa ya ƙi sa mata na kasuwa, don an ce masa iri ɗaya take sha. In ya yi kewar abokinsa, ruwan zafi zalla yake zubawa, ruwan ya fito da ƙamshin shayi. Ni da nake ɗansa ban taɓa riƙe ta ba.”

Kafin ya rufe baki Inna ta shigo, ashe ta ji. Ta yi salati ta nemi turmi ta zauna a kai.

“Ke 'yar nan, a gidanku babu randa?”

Na ce akwai.

“Kin taɓa ganin an sa wa randa sabulu?”

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, don na sani. Tun ina yarinya nake ganin mahaifiyata tana kifa sabuwar randa a kan turare don ruwanta ya yi ƙamshi, na san yumɓu yana shan duk abin da aka ba shi ya riƙe. Sheƙin bayan butar ne ya ruɗe ni na ɗauke ta kamar kofin tangaran. Gaskiya ma ba sheƙi ba ne, neman yabo ne ya rufe mini ido.

Muka ɗauko ta muka shiga neman dabara kafin Baffa ya dawo. Na ɗauraye ta ya fi sau ashirin. Mijina ya kawo ganyen shayin kasuwa, wanda makiyaya ke dafawa da sukari a shuɗiyar butar ƙarfe, muka dafa shi ya yi kauri muka cika ta muka bari. Bayan la'asar muka zubar. Abin da ya kama ɗan ja-ja ne kamar lallen da bai kamu ba, sai ma ya ƙara fito da zanen soson ƙarfe layi-layi. Da ka kai hanci kuwa, furannin sabuluna ne ke yi maka maraba. Mijina ya ce ko a shafa mata baƙin tukunya. Inna ta harare shi ta ce, “An yi ɓarna, kuma a ƙara da ha'inci?”

Ta juyo ta dube ni ina ta sharar hawaye. Ta ce, “Zan ce ni ce. Mun tsufa tare, iyakarta ya yi mini shiru wata guda. Ke kuwa yanzu kika zo, in kika fara da wannan ba za ki ƙara ɗaga kai a gidan nan ba.”

Na gyaɗa kai. Ina faɗa muku gaskiya, na yarda tsohuwa ta ɗauki laifina, har da ɗan jin sanyi a raina. Na ma yi tunanin in tattara in tafi gidanmu kafin gari ya waye, sai na tuna mai kwalekwalen ma ƙanen Baffa ne.

Alhamis da hantsi Baffa ya sa farar rigarsa ta Juma'a, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, aka kai masa kurfoti da gawayi. Ya ce a tafasa ruwan sama da ya tara a sabon tulu. Ni aka ba aikin ruwan, don haka ina tsugune a bayan zana, ina ganin komai ta wata 'yar kafa. Ya ɗauko akwatin, ya yi bisimilla, ya warware rawanin a hankali kamar mai buɗe jariri. Ya ɗaga murfin.

Bai yi salati ba, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon cikin butar, ya kai ta hanci, ya sauke.

“Wa ya shiga turakata?”

Inna ta matso bakin zaure. “Malam, ni ce na...”

“Shekara bakwai kina share ɗakin nan ba ki taɓa ta ba,” ya ce, bai ko dube ta ba. “Kada ki fara ƙarya da furfura.”

Mijina ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya juyo da kansa wajen zanar da nake, ya tsayar da ido daidai kafar da nake leƙe. Ya sani. Daidai lokacin aka ɗaga murya daga bakin ruwa cewa kwalekwale ya fito daga cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, baƙo ya iso. Baffa ya mayar da murfin, ya naɗe butar, ya miƙe ya tafi tarye.

Basinen gajere ne, gashinsa ya yi fari fat, wandonsa a naɗe har gwiwa, takalmansa a hannu. Yana hango Baffa ya saki takalman ya rungume shi yana cewa, “Sannu da aiki! Sannu da aiki!” Ashe ita ce gaisuwar da ya fi riƙewa. Mutanen ƙauye suka taru aka yi ta dariya da tafi. Ni kaɗai nake roƙon Allah ya sa ya ce ya gaji, a bar shayi sai gobe.

Ina! Ko abinci bai bari an kawo ba. Yana zama a tabarma ya buɗe jakarsa, ya fito da gwangwanin ganye, ya fito da 'yan finjalai farare guda huɗu na tangaran, sirara har in ya ɗaga ɗaya sama rana tana ratsa shi. Dattawa suka matso suna kallo, shi kuma daɗi ya kama shi ya shiga ba da labari, rabi da Hausa rabi da Turanci, mijina yana fassarawa da murya kamar ta mara lafiya. Ya ce a zamanin kakannin kakanninsa dafa shayi ake yi a tukunya har da gishiri, kamar miya. Daga baya aka koma niƙa ganyen ya zama gari, a dama shi a kwano a buga har ya yi kumfa. Sai can baya mutane suka gane a bar ganyen yadda yake a zuba masa ruwan zafi kawai, to a nan ne aka fara gina 'yan butoci ƙanana da yumɓun wani gari da ke kusa da wani babban tabki, ba a yi musu shafen da ke sa tangaran santsi. Wani dattijo ya tambaya ina sukari. Basinen ya kama baki kamar an zagi iyayensa, aka fashe da dariya.

Ya ƙyasta finjali da farce ya yi ƙara. Ya ce, “Wannan, wanke kullum, ba komai. Ba ya tuna komai.” Sai ya nuna akwatin da ke gefen Baffa. “Wancan, yana tunawa.”

Ina bayan zana da butar ruwan zafi a hannu, tiririn yana dukan fuskata, kowace kalma tana sauka a kaina. Inna tana bayana ta riƙe gefen zanena.

Basinen ya goge hannuwansa a riga, ya miƙa su biyu. “Baffa, ina babana?”

Baffa ya ɗauko butar a naɗe, amma bai sake ta ba. Ya ce, “Kafin ka buɗe, ka ji daga bakina. Ka ba ni amana, ban riƙe ba. An wanke ta da sabulu.” Ya dubi mijina. “Faɗa masa yadda na faɗa, kada ka rage.”

Mijina ya faɗa. Murmushin mutumin ya tsaya a fuskarsa kamar bai gane ba. Ya karɓa, ya warware, ya ɗaga murfin. Ya sa ɗan yatsa ya shafa cikin, ya bi layin soson ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya kai hanci ya ja numfashi, ya sake ja da ƙarfi, kamar mai neman wani a ɗakin da aka kwashe kaya. Ana jiyo kukan agwagin ruwa daga fadama.

“Wa?” ya ce.

“A gidana aka yi,” in ji Baffa. “Ni ne.”

“Kai ba ka yi. Wa?”

“Na ce maka ni ne.”

A gaban dattawan garinsa, tsohon da ba a taɓa kama shi da cin amanar ko allura ba yana ɗora wa kansa abin da bai yi ba, don ya rufa wa yarinyar da ko sunanta bai taɓa kira ba asiri. Na san in na yi shiru an gama, ba wanda zai sake tayar da maganar. Na kuma san in na fita, na yi abin da matar ɗa ba ta yi a gidan nan. Inna ta ƙara damƙe zanena ta ce a hankali, “Kul.”

Na ajiye butar ruwan, na zare zanena daga hannunta, na fita. Ban san yadda na isa bakin tabarmar ba. Na durƙusa na ce, “Baffa, ni ce. Ni na wanke ta. Ba wanda ya sa ni.”

Wani dattijo ya ce subhanallahi. Wani ya kawar da kai. Mijina ya sunkuya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Basinen ya dube ni, idonsa ya yi ja. “Don me?”

Na ce, “Na ga baƙi, na ɗauka datti ne. Na ji tsoron kada ka ce gidanmu da ƙazanta.”

Mijina ya fassara masa. Ya miƙe da butar a hannu, ya bi hanyar bakin ruwa shi kaɗai, ya tsaya can ya ba mu baya. Muna ganin kafaɗunsa suna motsi. Ba wanda ya ce in tashi, ni ma ban tashi ba. Gawayin kurfoti ya ci ya zama toka ina nan a durƙushe, gwiwoyina sun nutse a damshin ƙasa, ina jiran a ce in koma gidanmu.

Da ya dawo ya wanke fuskarsa da ruwan kogi. Ya zauna, ya ce in nuna masa hannuna. Na miƙa, ya ga yatsun da soso ya yayyanka. Ya girgiza kai ya ce, “Shekara arba'in, ke safiya ɗaya. Akwai ƙarfi.” Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba dariya yake ba. Ya ce, “Babana ya tafi. Ba ya dawowa.”

Sai ya juya ga mijina ya yi doguwar magana da Turanci. Mijina ya ce wai a ƙasarsu ba a cewa mutum yana amfani da irin wannan buta, akwai kalmar da suke faɗa, irin wadda ake faɗa wa yaro ko ɗan maraƙi, a ba shi ci a kula da shi kullum har ya girma. Ya tsaya yana laluben kalmar. Daga bayan zana Inna ta ce, “Raino.”

“Raino,” in ji Basinen, yana gwada ta a bakinsa. Ya ce yanzu butar ta koma jaririya, ba ta san kowa ba. Shi ya tsufa, ba shi da shekarun da zai sake rainonta. Wadda ta wanke ita za ta raina. A tafasa ta cikin ruwa mai kyau da ganye sau uku. Daga nan kullum a zuba mata ganye iri ɗaya, a ɗauraye da ruwan zafi kawai, a goge bayanta da tsumma mai laushi, a bar ta ta bushe a buɗe. Ya ɗora butar a kan gwangwanin ganyen, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ban karɓa ba. Na saci kallon Baffa, don ba ni da ikon karɓar komai a wurin sai da yardarsa. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan, a karon farko tun da aka kawo ni, ya yi mini magana ba ta bakin Inna ba.

“Kin ji abin da ya ce. Gobe bayan la'asar.”

Ranar a finjalan tangaran aka jiƙa shayin aka sha, butar tana gefe. Basinen ya kwana uku ya tafi. Ya yi mini sallama da mutunci, amma bai ƙara kallon butar ba, kuma bai sake dawowa ba. Ganye dai ya ci gaba da zuwa ta hannun 'yan kasuwar Kano shekara da shekaru, har wata shekara ya daina zuwa, muka fahimci Basinen ya rasu. Mijina ya nemo irinsa a Kano muka ci gaba.

Dattawan ƙauye sun yi ta magana a kan amaryar da ta fito gaban surukinta, wasu matan ma sun daɗe suna yi mini kallon mara kunya. Baffa bai taɓa tanka musu ba. Kullum bayan la'asar sai in kai kurfoti gindin darbejiya, in zauna a gefen tabarma in jiƙa masa shayi, ya shanye finjali uku ba sukari. Sai da aka yi wata biyu na ɗanɗana da kaina, na ji ashe har lokacin sabulu ne zalla. Wata biyu tsohon nan yana shan sabuluna bai ko yatsine fuska ba. Da farko shiru muke yi. Daga baya ya fara ce mini ruwan ya yi zafi da yawa, daga nan ya koma ba ni labarin shanun mahaifinsa da shekarun da kogi ya yi ɓarna. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Inna takan ce ita da ta aure shi ba ta ji rabin abin da na ji ba.

Mutane in sun ji labarin nan sukan ce ai abin ya zama alheri. Ni ban iya faɗin haka kai tsaye ba. Na samu uba a gidan miji, gaskiya ne, amma da abin wani na saya. Abin da na koya dai shi ne, in na ga abin da ban gane ba a gidan mutane, in tambaya kafin in ɗauko soso. Har yau ni mai son tsafta ce, tukwanena suna nan suna ƙyalli, mahaifiyata ba ta yi asarar tarbiyya ba.

Na ɗauka na san girman abin da na yi tun ranar da na durƙusa a bakin tabarmar nan. Ashe ban sani ba. Baffa ya rasu shekara uku ke nan. Bayan an share makoki, wata ranar da la'asar ta yi, na tsinci kaina na hura gawayi na ɗora ruwa, sai da ya tafasa na tuna ba wanda zan kai wa. Na kasa buɗe gwangwanin ganyen. Na zuba ruwan zalla a butar, na rufe, na ɗan jira, na tsiyaya a finjali. Ya fito da ɗan launi kaɗan. Na kai hanci, sai ga la'asar ɗinmu gaba ɗaya, inuwar darbejiya, ƙarar carbinsa, muryarsa yana cewa ruwan ya yi zafi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, rabi don Baffa, rabi don mutumin da ya keto duniya ya kai hancinsa bakin butar nan yana neman babansa, ya tarar da sabuluna.

Don haka 'yar uwa mai shawara, na gode, amma a bar mini baƙina.